Gonar Kulu

Da sunan Allah nake farawa, Shi da ya ara mini kwana har na ga jikokina da gemu. Wannan babi na daɗe ina kewaye shi. Na rubuta muku yadda kakanku ya zo Kurfi, na rubuta dukan da na sha a makarantar allo, duk don in jinkirta isowa nan. To, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kun tashi kuna jin ana cewa uwarku ta sayar da gonarta ta biya mini bashi, da hannunta, da daɗin ranta. Ku mata an yi muku huɗuba da labarin ranar da za a kai ku ɗakin miji, ku maza kuma na ji wani cikinku yana yi wa matarsa gori da shi. Ba haka aka yi ba. Uwarku ba ta sayar da gonar nan ba, ba ta kuma yarda a sayar ba. Karɓe ta aka yi tana ji tana gani, kuma ni na ja mata.

Sunanta Hauwa'u, amma ban taɓa jin wanda ya kira ta da shi ba sai liman ranar ɗaurin aure. Kulu kowa ke cewa. Iyayenta mutanen Barkiya ne, irin Fulanin da suka daɗe da jingine sanda suka ɗauki fartanya, Fulatancin ma na zagi da na kiran saniya kaɗai ya rage a bakinsu. Ta zo gidana da gādon ubanta, karsana ɗaya da ɗan maraƙi, waɗanda ta bari a hannun wanta Bello yana kiwo. Ni kuwa a lokacin ba ni da komai sai gandun da muke tarayya da ƙannena, da wata 'yar gona a bakin rafi mai ɗorawa biyu wadda ta faɗo a rabona, sai kuma baki, wanda Allah ya ba ni fiye da buƙata. Zamanin gyada ne. Duk saurayin da ya iya ƙidaya yana mafarkin ya zama ejan, ya karɓi kuɗi wurin babban mai saye ya raba wa manoma da damina, da kaka su biya shi da gyada. Na je Dutsin-Ma wurin Alhaji Barau mai sikeli, wanda ke saya wa kamfani. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce ba ya ba mai hannun banza adibas, in zo da fam shida nawa tukuna ya ga kamun ludayina. Na dawo gida na yi kwana uku ina tsaki. A rana ta huɗu Kulu ta aika wa Bello ya kai maraƙin nan kasuwa, lokacin ya zama sa. Ta kawo mini kuɗin ƙulle a bakin zane, ta ajiye a gabana.

"Rance ne hwa, Malam," ta ce. "Ba kyauta ba."

Na ce na ji. Kuma Allah ya sa wa abin albarka. Kaka biyu na yi ina zuba wa Alhaji Barau gyada ba tare da gibin buhu ɗaya ba, har ya fara kirana da sunana a gaban mutane. Lokacin biyan Kulu ya yi, kuɗin kuma suna aljihuna. Sai shaiɗan ya raɗa mini cewa namiji kamata bai kamata ya zauna yana ƙirga wa matarsa sulalla ba kamar wanda ya ci bashin mai ƙosai. Na ce zan yi abin da za a daɗe ana faɗi. Na kira limamin unguwarmu da maƙwabta biyu zaure, na sa Kulu ta tsaya bayan zana, na ce su shaida na ba ta gonar bakin rafi da ɗorawarta. Liman mutum ne mai bin diddigi, wanda ko kabbara ba ya yi da gaggawa. Ya tambaye ni, wannan gona biyan kuɗin santa ne ko kyauta ce, don hukuncinsu ba ɗaya ba ne. Ban tsaya na tambayi bambancin ba.

"Kyauta ce, Allah shi gafarta malam. Ni da matata har sai an yi zancen biya?"

Liman ya juya wajen zana ya ce to kuɗin sa fa? Tana tsaye tana jin maza huɗu suna jiranta, mijinta kuma ya gama cika baki. Me za ta ce? Ta ce ta yafe. A lissafinta ma ta ci riba, don gonar ta fi sa daraja. Aka shafa fatiha aka raba goro, ni ina ta hura hanci.

Ban taɓa ganin mutum ya so ƙasa kamar yadda uwarku ta so gonar nan ba. Ranar da aka yi ruwan shuka ta riga kowa fita, kai babbanku kana goye a bayanta. Ta shuka gero, ta bi tsakani da wake, ta zagaye gefe da yakuwa da kuɓewa. Tokar murhu da kashin awaki duk ta daina zubarwa, a kai take ɗauka ta kai. In ta dawo da la'asar ƙafafunta fututu, sai ta zauna tana ba ni labarin gonar kamar labarin ɗan da ya fara tafiya, yau geron gabas ya kai gwiwa, gobe ɗorawa ta yi kaza. Har lissafin daddawar da za ta yi da kalwar bazara ta gama. Ina jin daɗin ganinta haka, wallahi ina ji, kada ku ɗauka ni dutse ne.

Abin da ya ɓata lamarin wasa ne. A lokacin na sayi keke, na ɗinka riga mai aska biyu, ina zama a rumfar wani tela abokina Ɗan'azumi, inda masu ɗan abin hannu ke taruwa. Wata ranar kasuwa na iso na jingine keke, sai ya ɗaga kai daga ɗinkinsa ya ce:

"Ejan, jiya na bi ta bakin rafi. Ashe ɗan ƙwadagon naka har goyo gare shi?"

Rumfa ta kwashe da dariya, ni ma na yi, amma ta ciki na ciki. A wancan zamani kulle shi ne tambarin wanda ya samu. Matar talaka ke noma, matar mai hali ba a ganin ko ƙafarta. Na koma gida na tarar da ita tana wanke fartanya, na ce daga yau ta gama fita, ni zan sa a nome mata. Na haɗa da wa'azin da ban san kansa ba balle gindinsa. Lokacin gero ya fara fid da kai, wata biyu ke nan da shuka. Ba ta yi gardama ba, abu ɗaya ta roƙa.

"Bari in girbe abin da na shuka, Malam. In na kai shi gida sai ka kulle ni."

Na ce magana ta ƙare. Na sa 'yan ƙwadago suka girbe, aka yi dami talatin da wani abu. Ba ta da rumbu, na ce a zuba a nawa kafin in sa a gina mata. Rumbun nan har yau ana gina shi. Na ware mata dami uku na ce ga na fura, ta karɓa ta yi godiya, kamar ba geronta ba. Shekara ta zagayo na shuka gyada a gonar, don gyada ke kawo kuɗi, kuɗin kuma suka shige cikin jarina. Haka muka yi damina huɗu. Duk kaka sai ta tambaye ni sau ɗaya, tana tankaɗe ko tana kaɗi, ba ta ko dubana, ta ce Malam gonata fa? Ni kuma amsata ɗaya ce, taki ce mana, wa ya ce ba taki ba ce? Kuma har ga Allah haka na ɗauka. Ban taɓa jin ina cin haƙƙinta ba. Ina ganin kaina mijin kirki wanda ya hutar da matarsa daga rana.

Shekarar da abin ya faru, ba a fi shekara biyu ba Turawa suka tafi. Na karɓi adibas mafi girma da na taɓa karɓa, na raba wa manoma daga Ɗantutture har Barkiya. Damina ta fara lafiya, sai ruwa ya ɗauke tun gyada ba ta ƙosa ba. In ka tuge ta ka girgiza sai ɓawo. Na bi mutanena gida gida da keke. Wani ya nuna mini rumbunsa, wani ya nuna mini 'ya'yansa, wani tun kafin in iso ya tafi cin rani. Ban ga wanda zan kama ba, don ba wanda ya ci da gangan. Alhaji Barau ya yi mini haƙuri wata uku, ba zan ci amanarsa ba ko yana kabari. Shi ma kamfani na bisa wuyansa, kuma abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. Da bazara sammaci ya iso, ana nemana gaban alƙali a Dutsin-Ma.

Kafin ranar na sayar da keke da jakuna biyu da rigar nan mai aska, na kai, saura fam goma sha tara. Karsanar Kulu a lokacin ta zama shanu uku a hannun Bello. Na same ta da hantsi tana daka, na tsaya ina kame-kame, daga baya na fito fili na ce ta taimake ni da shanun. Ta tsayar da taɓarya ta dube ni, ta ce na farko da ta ba ni ina ya kwana? Ta ce ku huɗu ne yanzu, rumbu kuma ya kusa ƙasa, nonon nan shi za ku sha har damina, ba za ta saida ba. Na ji zafin maganar nan ƙwarai. Na fita ina cewa a raina wannan mata ba ta da imani. Yau da nake rubutu na san cewa da ta biye mini, da wani cikinku bai kai kaka ba.

Ranar shari'a na fita da sassafe ban ce mata komai ba. Ashe ta ji a bakin matan maƙwabta cewa Alhaji zai nemi a sayar da gonar bakin rafi. Ina zaune gaban alƙali rana ta take tsaka, sai ga ta ta shigo da lulluɓi, Bello na biye da ita. A ƙasa suka tako tun daga Kurfi. Shekara huɗu rabonta da ƙofar gida, kuma ba ta nemi iznina ba. Ta durƙusa daga gefe ta ce ita ce matar wanda ake ƙara, ta zo ne kan gonarta.

Alƙalin dattijo ne mai sanyin murya, ba ya katse mutum. Alhaji Barau ya fara kawo zancen shanu, ya ce an san gidan na da shanu uku a Barkiya. Alƙali ya tambayi asalinsu, aka ce gādonta ne. Ya girgiza kai.

"Aure ba shi haɗa dukiya, Alhaji. Abin mace nata ne. Bashin miji ba shi hawa kanta ko garke gare ta, sai in ita ta ɗauka da bakinta." Ya juya wajenta. "Kin ɗauka, ɗiyata?"

"Ban ɗauka ba, Allah shi gafarta malam."

Ya ce to shanu sun fita. Na ga kafaɗunta sun sauka. Ni kaina, duk da haushin da nake ji, sai na ji sanyi, don na ɗauka gona ma haka za ta fita, tun da nata nata ne. An aiko da shaidar limaminmu, maƙwabtan nan biyu kuma suna wurin. Alƙali ya tambaye su, biya ne ko kyauta? Suka ce kyauta, da kunnensu suka ji, har mai gidan ya ce shi da matarsa ba zancen biya, ita kuma ta yafe kuɗin santa. Alƙali ya ce da biya ne da magana ta ƙare a nan, don abin da aka biya bashi da shi ya fita hannun mai shi tun ranar. Amma kyauta sai an karɓa an riƙe. Ya yi mana bayani dalla-dalla yadda ko yaro zai gane. In ka ba mutum gona, ya shiga, sannan ta dawo hannunka shekara ba ta cika ba, ka ci gaba da ci kamar da, to ranar da bashi ya rufe ka gonar tana cikin dukiyarka, masu bin ka suna da haƙƙi a kanta. In ba haka ba, kowane mai bashi sai ya ce ai na matata ne.

Sai ya tambaye ta wata nawa gonar ta yi a hannunta. Ta ƙirga da yatsu, daga shuka zuwa fid da kai, ta ce biyu. Ya ce wa ya girbe? Ta yi shiru. Rumbun wa aka zuba? Shiru. Wa ya hana ta komawa? Ta sunkuyar da kai tana murza bakin lulluɓi. Na ga in ban yi magana ba za a kwana a nan, don ba za ta kama sunana a gaban mutane ba. Na ce ni ne, Allah ya gafarta malam, duk ni ne.

Ina jin alƙalin nan ya tausaya mata, don ya daɗe yana shafa gemu, sannan ya nemo mata ƙofa. Ya ce akwai hanya ɗaya. In ƙwace mata aka yi ba da son ranta ba, ta kuma yi ta neman abinta, ta kai kuka wurin wani wanda zai zo ya shaida, to ba ta saki ba, hana ta aka yi, kyautarta na nan.

"A shekara huɗun ga, kin taɓa kai ƙara wurin wani? Liman, ko mai unguwa, ko wani naku?"

Bello ya yi wuf ya matso. Ya ce shi ta faɗa wa, ba sau ɗaya ba, a kawo Alƙur'ani ya dafa. Ina kallonsa na san ƙarya yake, shi ma ya san na sani, kuma wallahi a raina addu'a nake a bar shi ya dafa. Gonar tana tafin hannunta a lokacin, abin da ya rage kawai ta yi shiru, abin da ta fi kowa iyawa. Sai na ji muryarta ƙasa-ƙasa.

"Yaya, ban hwaɗa maka ba. Ban hwaɗa ma kowa ba." Ta juya wajen alƙali. "Shi kaɗai nika tambaya, cikin ɗaki. An ce mana ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba."

Abin da aka koya mata ke nan tun tana yarinya, cewa matar kirki ba ta fitar da zancen ɗakinta. Ta riƙe shi da gaskiya, shi ya cinye mata gona. Alƙali ya yanke hukunci, aka sa rana, dagaci ya tsaya aka sayar wa wani mahauci fam goma sha bakwai. Biyun da suka rage Alhaji Barau ya ce ya bar mini, bai kuma sake ba ni ko kwabo na adibas ba, kuma da gaskiyarsa.

A hanyar komawa daga gaban alƙali ranar, Bello ya rabu da mu a mararraba ko sallama bai yi mini ba. Tana gaba ina baya. Na yi ta jera maganganu a raina, duk wadda na ɗauko sai in ga ba ta da ƙafa. Da muka kusa gari, maimakon ta bi hanyar gida sai ta ratse ta bakin rafi. Ta tsaya a gefen gonar, ɗorawa ta yi tutu, furen nan nata ja, ta daɗe tana kallo. Ba ta yi kuka ba, ni ne na yi. Na ce ta yafe mini.

"Na yahe sau ɗaya a bayan zana," ta ce. "Ka ga inda ya kai ni. Wagga sai na yi shawara."

Washegari mata suka cika gidan da jaje, kun san irin jajen da rabinsa neman labari ne. Ina zaure ina jin su. Wata ta ce ashe haka Malam ya yi miki, an ce a gaban alƙali aka tona. Sai na ji uwarku ta yi 'yar dariya ta ce wane irin tonawa, ita ce ta ce a sayar, gona ai ba ta fi mutuncin uban 'ya'yanta ba. Nan aka haifi labarin da kuka tashi da shi. Matar da ta ƙi barin wanta ya yi ƙarya don ta tsira da gonarta, ita ce ta yi ƙarya don in iya shiga masallaci. Na daɗe ina juya wannan abu ban gama gane shi ba. Na dai san na karɓi rufin asirin na yi shiru shekara da shekaru, ana yabonta da abin da ba ta yi ba, ana kuma raga mini kan abin da na yi.

Kulle kuwa ya mutu ba wanda ya yi masa salla. Ranar kasuwa ta gaba ta ɗauki ƙwaryar fura da nonon shanunta ta fita, ta wuce ni a zaure ta ce Malam sai na dawo. Na ce a dawo lafiya. Ɗan'azumi tela ya gan ta, bai ce komai ba, don a lokacin shi ma ina jin furarta yake saye bashi. Ni kuma na koma awo a sikelin wasu, da rani in tafi kasuwar auduga ina ɗinkin buhu. Zaman gida bai ɓaci ba, kada ku zaci an yi ta faɗa. Tana dafa mini, tana yi mini wanki, in na yi zazzaɓi ita ke tsaye. Zancen gona ne kawai ba ya tasowa, kuma in an kawo daddawa talla ba ta saye, sai dai a yi miya haka.

Shekara shida na yi ina tarawa a cikin wata tsohuwar butar duma. Da suka kai, na sayi wata gona a hanyar Ɗantutture. Jigawa ce, ba rafi ba ɗorawa, ba ta kai rabin waccan kyau ba. Wannan karon na je wurin liman na zauna kamar ɗalibi, na tambaye shi yadda ake yi daki-daki. Muka fita da shaidu har gonar, ita ma ta zo, ba bayan zana ba. Na faɗa da ƙarfi cewa wannan biyan abin da na cinye mata ne, ba kyauta ba ce. Ta taka iyakar da ƙafarta kusurwa huɗu, ta dasa gamba a kan iyaka, ta sa aka gina mata rumbu a bayan ɗakinta da kuɗin furarta. Liman ya ce tun da biya ne ba sai an jira komai ba, amma ta ce ita dai ta ji alƙali ya ambaci shekara, don haka kada in taka mata gona sai shekara ta cika. Na ce na yarda.

Na kiyaye. Hanyar da nake bi zuwa gandu ta gefen gonar take, sai in tsaya a bayan gamba in leƙa. Wata rana na hango ƙuduji ya fito a gindin geronta, ciyawar nan mai jan fure da ke shanye hatsi, taku uku tsakanina da shi. Hannuna har ƙaiƙayi yake, amma na wuce na je gida na faɗa mata, ta je ta cire. Da shekara ta zagayo aka yi ruwan shuka, na saɓa sungumi na bi ta a baya ina murna. Muna isa bakin gamba ta juyo ta tare ni da hannu.

"Ina za ka, Malam?"

Na ce ai shekara ta cika.

"Ta alƙali ta cika," ta ce. "Tawa da saura."

Tana murmushi ta faɗa, ni ma na yi dariya na koma. Baɗi na sake gwadawa, amsar ba ta canza ba. Daga nan abin ya zama wasanmu na shekara-shekara, ku kanku kun sha yi mana dariya, kuna cewa Inna ta hana Baba shiga gonarta don kada ya sa mata ido. Kun yi noma a cikinta dukanku, ƙannena sun shiga, ni kuma da almuru ta sha kai ni bakin iyaka in riƙe mata jaki a ɗora dami. Tuwon gonar nan na ci shekara talatin da ɗoriya. Jigawar da na saya ina jin kunyar nuna ta, ta mai da ita ƙasar da mutane ke tsayawa kallo. Amma ƙafata ba ta taɓa wuce gamba ba. Ban taɓa tambayarta ko ta gama shawarar ba, ita ma ba ta ce ba. Na ɗauka akwai lokaci.

Bayan rasuwarta da kwana arba'in aka fita rabon gādo. Kuna wurin, kun ga abin da na yi, ba ku dai san dalili ba, har wani cikinku ya ce tsufa ne. Malamai suka shiga da igiyar awo, ku kuka bi su, ni na tsaya inda na saba tsayawa. Limamin yanzu, ɗan wancan, ya waiwayo ya ce Baba shigo mana, ai rubu'i naka ne, shari'a ta ba ka. Na ce rabona na bar wa 'yan'uwanku mata, su shiga yau su riƙe, kowace ta zuba a rumbunta. Ya ce to ko don ka nuna musu iyaka, taka ka shigo.

Na ce su auna, ina gani daga nan. Mai gonar ba ta ce in shigo ba.